Tantin Inna

Yaya Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Yaya damina a Makoda? Na ji ruwa ya rushe ɗakin Inna, yanzu a maƙwabta take kwana.

Ni lafiya ƙalau nake a nan Riyad, bayana ne kawai ke ɗan ciwo. Balaraben da nake wa aiki ya sayi mota mai gida a cikinta, da gado da madafa har da banɗaki. Duk Juma'a sai ya kwashi iyalinsa zuwa sahara, wai su ɗanɗana kwanan daji. Ni ke kafa tantuna, in shimfiɗa dardumai, in haɗa tukunyar gas. In mun dawo in kakkaɓe yashi, in naɗe komai, in jera turaku a akwatinsu. Yaya, tantunan nan ɗakinsu guda, har da na'urar sanyi. Ni a bayan gareji nake kwana.

Na roƙi Balaraben ya bar ni in zo in tayar wa Inna ɗaki. Ya ce, "Wa zai naɗe min kaya?" Fasfona kuma yana hannunsa.

Jiya ya yar da tanti ɗaya don ya ɗan yage. Na ɗinke shi, zan ba Alhaji Ja'afaru mai dawowa Kano. Ka kafa wa Inna a tsakar gida, ka ɗaure igiyoyin sosai. Ka ce mata sabo na saya. Kada ta ji daga bola ya fito.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Muntaka