Sunan da Ba Ya Cikin Littafi

Sansanin soja, bakin kogin Rio Grande, Texas
11 ga Maris, 1866

Zuwa ga Mahala, sanyin idona, furen tuffa na bayan sanyi, ruwan marmaron ƙarƙashin tudu da ba ya ƙafewa ko a shekarar fari, matata a gaban Allah ko da babu takardar da ta shaida,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya tuɓe hula tun daga bakin ƙofa. Wannan rubutu mai kama da sawun kaza nawa ne, faston rundunarmu ya koya mini. Malamar makarantar coci da za ta karanta miki kuwa ta yi haƙuri, kada ta tsallake ko kalma ɗaya, har wuraren da za su ba ta kunya.

Lucius ɗan kawunki, da muke runduna ɗaya, ya dawo daga hutu makon jiya, ya kawo mini saƙonki ba tare da ya sa masa gishiri ba. Ya ce kin ce, "Ka gaya wa wancan Gideon Ward ɗin ban san shi ba. Ni Ambrose na aura, shi kuwa an buɗe littafi an ce babu shi." Ya kuma ce za ki haye kogin Ohio da gwaggonki a watan Mayu, ba da niyyar dawowa ba. Mahala, na kwanta a rami igwa tana tsaga ƙasa a gefena, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar nan ba.

Kin tuna Lahadin nan a bakin marmaro, an gama yankan taba, ganye na rataye yana bushewa? Kina ɗauraye riguna, rana tana wasa a kan damatsanki, ni kuma ina ta kewaye-kewaye kamar wanda ya zo aron gatari. Da na faɗa miki zan gudu in shiga sojan Arewa, ko kai ba ki ɗaga ba. Kika ce, "Tafi mana, wa ya riƙe ka? Amma kai da wayonka, Ambrose, wata rana da hannunka za ka tufka igiyar da za ta ɗaure ka." Na yi dariya, kika watsa mini ruwa, sannan kika kifa fuska a ƙirjina har rigata ta jiƙe, ban san wanne ne ruwan marmaro ba. Ba ki gaya mini kina da ciki ba, wataƙila ke ma ba ki sani ba tukuna.

Ga yadda na tufka igiyar. Kin san jiharmu ta Kentucky ba ta ɓalle tare da sauran jihohin Kudu ba, ladan biyayyarta kuwa shi ne aka bar mata bayinta lokacin da aka yi shelar 'yanta na sauran. Ƙofa ɗaya ta rage wa namiji, ya sa shuɗin kakin sojan Arewa. Amma a sansani na ga iyayengiji suna zuwa a kan dawakai suna tambayar sunaye, kuma duk wanda aka tabbatar ya shiga soja, a bayan matarsa ake huce haushi. Na tuna bulalar ubangidanmu tsoho Tolliver da ke rataye a barandarsa, na tuna bayanki. Da akawu ya tambayi sunana, sai na ce Gideon Ward. Na ce a raina bari tsohon ya ɗauka kogi ne ya ci ni. Ban aiko miki ba, don abin da ba ki sani ba babu mai tatsarsa daga bakinki. Har yaba wa kaina na yi, na kwana ina jin babu mai dabara kamata.

Wa ya san bayan wata shida za a yi dokar da ta ce matar soja da 'ya'yansa sun 'yantu? Ranar da aka karanta mana ita na jefa hulata sama, na ce Mahala ta zama 'ya! Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa matar Gideon aka 'yanta, Gideon kuwa bai taɓa aure ba.

Sauran labarin daga bakin Lucius na ji, yana faɗa yana kallon ƙasa. Cewa a watan Afrilu kin taka mil goma sha huɗu da tsohon ciki zuwa sansani. Kin tsaya a layi tun hantsi, kin ce mijinki Ambrose ne na gonar Tolliver. Akawu ya bi shafi da yatsa har ƙasa, ya ce, "Babu wani Ambrose a nan, yarinya. Koma wurin ubangidanki." Kika koma, da ƙafar da kika zo. A wannan makon ne fa muka shiga Richmond, babban birnin 'yan tawaye, da ganguna. Tsofaffin mata suna kama hannuwanmu suna kuka, wata ta sumbaci maɓallin rigata ta ce, "Ɗana, kun cire mana sarƙa." Ni kuwa ina ta fankama, ina 'yanta matan mutane, tawa tana kan hanya tana riƙe da ƙugu. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, sai dai ba ni na faɗa ba, ke na jefa.

Wata tara na ci miki, daga Maris har Disamba da aka soke bauta a ƙasar baki ɗaya. Kuma a cikin watannin nan kika haifi 'yarmu. Yarinyar da doka ta ce 'ya ce tun tana ciki, ta faɗo duniya baiwa, a bukkar bayan gidan Tolliver, saboda ubanta mai wayo ne. Da me ake biyan wannan? Ko da na share miki hanya da harshena daga nan har Kentucky, zai mayar da kukanta na farko ya zama na 'yantacciya?

A nan aikinmu gadin iyaka, ga yashi ga iska, mutum ya yi ta tunani har ya gaji. Manya suna gardama kan abin da aka yi yaƙin nan dominsa. Wasu su ce don kada ƙasa ta rabu biyu, wasu su ce don bauta, kamar ba bautar ce ta raba ta ba. Na ga filin da gawawwaki suka rufe ciyawa, masu shuɗi da masu toka-toka, ban raina jinin kowa ba. Amma ni nawa yaƙin ƙarami ne, domin mace ɗaya na ɗauki bindiga. An ce mun ci nasara, har an buga ƙararrawa, ni dai ban ga tawa ba tukuna.

Na je wurin kyaftin na roƙi a gyara sunan. Ya ce abin da aka rubuta ya rubutu. To, ya zauna. In an sallame mu, kuma ana cewa ba zai wuce ƙarshen Mayu ba, zan bar musu Gideon tare da bindigarsa. Na ji yanzu ana rubuta auren baƙar fata a kotu kamar na kowa. Tsintsiyar da muka tsallake a gaban dangi, irin ɗaurin auren bayi, ta ishe ni, amma bayan abin da littafi ya yi miki, ina so ki tsaya ki ga an rubuta mu da idonki, a sunan da kika zaɓa.

Ya tattabarata, ya inuwata ta tsakar rana, ba na roƙon gafara ta takarda, wannan sai ido da ido. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki haye kogin nan kafin in iso. Ki ƙara mini wata ɗaya, ke da na ci wa tara, na san babu kunya a roƙon. In na zo zan tsaya a waje. Ki zage ni a gaban gwaggo da maƙwabta, ba zan ce uffan ba. In bayan haka kika ce in tafi, zan tafi, kuma babu macen da za ta zauna a gurbinki har a rufe ni da ƙasa.

Na tambayi Lucius sunan yarinyar, ya ƙi faɗa. Ya ce kin hana, kin ce, "Wanda ya yar da nasa ba a ba shi ajiyar na wani." Gaskiyarki. Wata goma ke nan tana duniya, ni kuwa in na durƙusa yin addu'a sai in ce, "Ubangiji, ka tsare mini yarinyar nan," kamar 'yar maƙwabta. Ki riƙe sunan, kada ki aiko da shi. Daga bakinki nake so in ji.

Naki jiya da yau, naki har ranar da za a kira kowa da sunansa na gaskiya,

Ambrose, wanda kika je nema