Shafi na Arba'in da Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara. Bayan haka, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Kin tuna na'urar da gwamnati ta biya wani babban kamfani ya kawo asibitinmu, wadda nake shigar da sunayen marasa lafiya da ciwonsu? An maka kamfanin a kotu, wai yana sayar da bayanan mutane, kuma ya hana sauran kamfanoni shiga harkar. Ranar Talata lauyar masu ƙara ta zo ofis. Ta ji labarin littafin da nake rubutawa kullum: wanda ya zo, abin da ya kawo shi, ranar da ya dawo yana ƙorafin masu tallan magani sun dame shi da waya. Tana so in miƙa shi shaida.

Yaya, kina shafi na arba'in da ɗaya, har da ƙullutun da kika ce kada maigida ya ji. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki

Auta,

Muna lafiya. Wato na ce ka rufa min asiri, kai kuma ka je ka zauna ka rubuta har da kwanan wata? Tun kana firamare haka kake, ko tuntuɓe ka yi sai ka nemi biro. To me ya bambanta ka da kamfanin? Yage shafin kawai.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Sau biyu ina ɗauko reza ina mayarwa. Ni da hannuna na sa wa shafukan lamba ranar da na sayi littafin, kuma lauya ta ce in aka ga babu ɗaya, lauyoyin kamfani za su ce duka ƙarya ne. A bayan shafinki kuma akwai wata malamar makaranta da aka sallama daga aiki bayan maganar ciwonta ta fita. Na tambaya ko za a rufe sunaye. Ta ce za ta roƙi alƙali, amma ba ta yi alkawari ba. Wataƙila ni ne mai laifin tun farko, ban sani ba.

Ranar Litinin za a zauna a kotu. In kin ce a'a, zan ce littafin ya ɓata.

Allah ya ƙara lafiya.
Ƙanenki

Auta,

Jiya na zaunar da maigida na faɗa masa da bakina. Ko abinci bai ci ba, amma yau shi ya raka ni wajen likita. Ka kai musu littafin. Gidana dai kada ka zo tukuna.

Yayarka