Wufa da Kunnen Baba Mai Gida

Asabar da dare, unguwar Nima

Bayana ciwo yake, amma dai wufa, akwatin nan mai fitar da sauti mai kauri, ta yi magana. Tun la'asar nake durƙushe bayan amfilifaya da wannan akwatin da na ɗauko a Zongo Lane. Na jona shi da wuta, fitila ta kama, sauti babu. Ashe a ramin sifika na cusa wayar, alhali wufa raminta daban ne, shi kaɗai can gefe. Na mayar da ita, ban lura na murɗe sautin har ƙarshe ba. Ɗakin ya yi wani irin gurnani, kwanukan maƙwabciyata Hajiya Memuna suka zubo daga kabad. Ta fito tsakar gida tana salati, wai girgizar ƙasa.

Sai ga Baba mai gida da sandarsa. Kai chale, na ce yau korata za a yi, don bara ya kori wani ɗan haya kawai saboda Hajiya ta kai ƙararsa. Na shiga ba da haƙuri, na manta kunnensa ya daɗe da mutuwa. Ko kallona bai yi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin, sannan ya ce, "Sulley, ƙara."

Na ƙara. Ya lumshe ido. "Wannan kam ina jin shi, har cikin ƙirji."

Ɗakina ya tsira, alhamdulillahi. Sai dai ya ce gobe bayan azahar zai dawo da kujerarsa da abokansa biyu, su ma ba sa ji. Hajiya kuwa ta daina amsa sallamata.