Mun Kunna Murhunki a Bayan Shagon Fiza

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina so in ba ki labarin abin da ya faru a bakin ruwa, a Yelwa ta Yawuri. A fili nake rubutawa, don haka ba mu kaɗai ba ne. Ban damu ba. Cikin masu karantawa akwai mutum ɗaya da nake so ya kai har ƙarshe.

Aikin jarida ya koya mini in fara da abin da babu gardama a kansa. Filin da kika yi rayuwarki kina bandar kifi a kai gadon mahaifinku ne, ke da ƙanenki, Kawu Garba. Ba a raba shi ba kina raye. Da kika rasu aka raba, gefen da murhunki yake ya faɗa cikin rabonsa. Babu wanda ya ce ya ci haƙƙin wani a nan, ni ma ban ce ba.

Abu ɗaya matan banda suka roƙe shi: ya bar murhun tsaye har a yi sadakar arba'in. Kin san al'adar, amma zan faɗe ta saboda baƙi. Idan mai banda ta rasu, ba a taɓa murhunta. Ranar arba'in wani daga jininta zai kunna masa wuta, a banda kifi a raba sadaka, sannan a kira wadda marigayiyar ta koya wa sana'a a damƙa mata murhun a gaban masunta. Daga ranar, masuntan da suke sauke wa marigayiya kifi ita za su riƙa sauke wa. In ba a yi haka ba, kowane masunci ya kama gabansa.

Taki magajiyar kowa ya san ta: Ladidi, wadda kika jawo jikinki bayan ruwa ya ci mijinta a hanyar Wara. A kan gadon asibiti kin riƙe hannunta kin ce mana, ni da Kawu, ita ce mai murhu.

Kawu ya ce wa matan al'adar ba ta da asali a addini, kuma magina ba sa jiran kowa. Da na sauko daga Kaduna don sadakar, tulin yashi da bulo na tarar a wurin. Masuntanki suka watse. Ladidi ta koma yi wa wasu feɗe kifi, tana wanke kwandunan da ba nata ba.

A ranar na je wurin Kawu. Na durƙusa na gaishe shi, na kai masa ruwa. Ina kallon hannunsa ina tuna cewa ke kika goye shi bayan rasuwar Kaka, kuma kan tarwaɗar da ya fi kowanne maiƙo shi kike ajiye wa, har bayan ya yi gemu. In mun yi ƙorafi sai ki ce, “Garba maraya ne, ku kuna da ni.”

Shagon fiza ya gina a wurin, Inna. Ba ki san ta ba. Gurasa ce mai faɗi da ake shafa wa tumatir, a barbaɗa cuku da nama ko kifi, a gasa a tanderu. Matasan Yelwa sun karɓe ta hannu biyu. Malaman asibiti da ma'aikatan sakatariya can suke zuwa da yamma, 'yan acaba suna jere a ƙofa suna jiran masu aike.

Bana da baƙin ruwa, cikar kogin nan ta lokacin sanyi, ya sauko na zo hutu, na ce wa Gwaggo Asabe ta shirya in kai ta shagon. Ƙanwar Baba, abokiyar tsokanarki, wadda murhunta yake maƙwabtaka da naki tun kafin a haife ni. Yanzu katangar gidanta ce take jingine da bayan shagon. Ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Da na fito sai na same ta a zaure ta riga ta yafa gyale, wai za ta raka ni ne kawai kada a ce na shiga cikin maza ni kaɗai.

Zan yi wa Kawu adalci: wurin yana da tsabta. Tayil ne a ƙasa, esi yana ta busa sanyi, an yi taga babba mai kallon ruwa. Na auna da ido daga bishiyar giginyar da ke bakin gaɓa, na gane teburin da muka zauna kusan a kan murhunki yake. Kawu ba ya nan, ya je Kontagora.

Aka kawo mana takardar abinci. A samanta, da manyan baƙaƙe, fizar da aka fi saye a shagon, mai kifin banda, sunanki aka sa mata. Sunanki na yanka, Inna, wanda ban taɓa furtawa da bakina ba, wanda ko a takardun makaranta sai na sunkuyar da kai nake rubuta shi. Muna zaune mai kai abinci ya leƙa kicin ya ɗaga murya ya kira shi, ya ce a ba da biyu, ɗaya ban da yaji.

Na ce a kawo mana ita.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Ta ɗaga yanki ɗaya, cukun ya biyo shi yana zare, ta tambaye ni ko haka ake ci ko kuwa sai an kira tela ya yanke. Ta ce wanda ya hana mu al'adarmu don babu ita a littafi, ita wannan a wane littafin ya gan ta? Ta kai baki. Ta tauna a hankali, sai na ga ta daina dariya. Ta tsinci kifin da ke kai, ta shinshina, ta ajiye.

“Ɗiyar nan,” in ji ta, “wanga kifina ne.”

Ashe dillalin da yake kwasar mata banda duk mako, yana cewa Birnin Kebbi yake kaiwa, kwana kawai yake sha ya shigo da shi nan ta ƙofar baya. Ba ita kaɗai ba, kusan duk matan layin. Suna zagin Kawu da rana, suna ciyar da tanderunsa ba su sani ba.

A bakin ƙofa akwai allo da ake liƙa sanarwar abin da ke gudana a gari. Wannan ma abu ne mai kyau, kuma na tsaya na karanta kamar yadda na saba. Wasan ƙwallo tsakanin unguwanni biyu. Musabaƙar Alƙur'ani ta 'yan Islamiyya. Aikin gayya na yashe magudanar ruwa. Walimar wani malamin makaranta da aka yi wa canjin aiki zuwa Shanga. A tsakiya kuma, da hotonsa cikin babbar riga, ƙungiyar matasan unguwa za ta karrama Kawu ranar Asabar ta sama, a ƙofar shagon, da sunan uban matan banda. An rubuta cewa matan za su halarta cikin anko su yi masa rakiya da guɗa.

Na karanta wa Gwaggo. Ta ce babu wanda ya tambaye su.

A hanyarmu ta komawa na yi mata tambayar da na daɗe ina juyawa: shin dole sai Kawu ne zai kunna wutar? Ta ce a'a, jini ake nema, kuma ni jini ce. Abin da ya sa ba su taɓa faɗa mini ba shi ne ba a tsallake babba yana raye a sa ƙarami. Duk wadda ta yi haka ta ce wa duniya kawunta ba kowa ba ne, kuma ba a gyara irin wannan da gaisuwar Salla. Murhu kuwa ba matsala ba ne, yumɓun da aka gina naki da shi yana nan a gaɓa.

Na ce ta sa a ɗebo yumɓu.

Matan suka gina sabon murhu a tsakar gidan Gwaggo, jikin katanga. Ana cikin haka sai ga atamfa daga Kawu, turmi-turmi, an ce anko ne. Ladidi ta so a mayar masa. Gwaggo ta ce kyauta ba a mayar da ita, kowa ta kai ɗinki.

Asabar ta zo. Tun da hantsi aka kafa rumfuna a ƙofar shagon, aka jera kujeru, lasifika tana ta gwaji. An ware layi guda na gaba domin matan banda. Su kuwa suka fito cikin ankonsu, tsaf da su, suka bi ta gaban rumfunan ɗaya bayan ɗaya, suka gaida jama'a da ladabi, suka shige gidan Gwaggo.

Gwaggo ta miƙo mini ashana. Na karɓa, Inna. Na yi bismilla na kunna.

Ina so a rubuta wannan daidai: ba mu sa ɗanyen itace ba, ba mu ƙara ko ganye ɗaya ba. Busasshen marke ne, irin wanda kike so. Amma kin san sabon murhu, yumɓunsa bai gama shan iska ba, hayaƙinsa na farko fari ne mai kauri. Kin kuma san inda iskar ruwa take dosa da hantsi. Ni ma na sani, a nan na girma. Da wannan sanin na zaɓi ranar, da shi na zaɓi lokacin, kuma ba zan ce katari aka yi ba.

Hayaƙin ya haye katanga ya sauka cikin rumfunan. Muna jin mai gabatarwa yana jero kirarin Kawu yana tari. Da ƙamshin tarwaɗa ya bi bayan hayaƙin, sai mutane suka fara tambayar me ake yi. Aka ce sadakarki ce. Limamin da aka gayyato ya buɗe taron da addu'a ya ce ba zai wuce sadakar mamaci ba, balle ke da kika sha aika masa da kifi. Ya shigo. Dattawa suka biyo shi, don ba a barin liman ya ɗaga hannu shi kaɗai. Sauran kuwa hancinsu ya kawo su.

Masuntanki sun zo, har da tsohon nan Bagunge mai ido ɗaya da yake tuƙo jirginsa daga tsibiri. Gwaggo ta kama hannun Ladidi ta ɗora a bakin murhun, ta faɗi abin da ake faɗa. Tsohon ya fara ajiye kwandonsa a gabanta, sauran suka bi. Ladidi ta rufe fuska da gefen zane. A nan ne aka yi guɗar, kuma na tabbata an ji ta a ƙofar shagon.

Sai ga Kawu a bakin zaure, babbar rigarsa tana warin hayaƙi, idonsa ja. Bai dubi kowa ba sai ni.

“Rakiya, ni za ki yi wa haka? A gaban mutane?”

Na durƙusa har ƙasa. “Sannunku da taro, Kawu. Sadakar Inna ce muke yi, ta ɗan makara. Ku zauna a kawo muku.”

Na zaɓo kan tarwaɗa mafi girma na sa a faranti na miƙa masa da hannu biyu. Jama'a suna kallo, liman yana kallo. Ƙin karɓar sadakar 'yar'uwarsa ba zai yiwu ba, ci kuma ya gagara. Haka ya tsaya da farantin a hannu har aka shafa fatiha.

Matan sun yanke shawara a tsakaninsu, ba ni na sa su ba, ko da yake ban hana ba. Babu mai ƙara sayar wa dillalin nan ko jelar kifi. Na ji yanzu kifin ƙanƙara ake kawo wa shagon cikin kwali daga kudu. A Yawuri, Inna. Masu ci sun gane, an ce har wani ya tambaya ko kogin ne ya ƙafe. Na aika wa Kawu ta bakin liman cewa ya cire sunanki daga takardar abincin nan, in ba haka ba zan zo in zauna a shagon kullum, duk wanda ya kira sunan in ba shi labarin murhun tun daga farko. Ya san ina da haƙurin yin haka. An cire.

Ya daina amsa gaisuwata. Matarsa ta tsallaka titi da ta hango ni a kasuwa. An ce mini na yanke zumunci, kuma wataƙila haka ne. Na auna abin kafin in kunna ashanar, na ga nauyinsa, na ɗauka.

Na san da kina nan da kin ja kunnena. Da kin ce in bar shi da halinsa, kin kuma zuba masa tuwo. Ke haka kike. Ni ban gado wannan ba, Inna, taurin kan Baba na ɗauko.

Jiya da safe na je wurin Ladidi kafin in kama hanya. Tana juya kifi a kan raga da yatsu, ba ta jin zafi, tana yi wa wani masunci faɗa don ya kawo mata ƙarfasa da ta kwana. Na zauna a kan turmi ina kallonta. Da zan tafi ta rungume ni, sai na ji warin zanenta: hayaƙi, gishiri, da ɗan sabulun salo. Tun ranar da aka fita da ke ban yi kuka irin na jiya ba. Na tuna yadda nake ƙin ki zo makarantarmu da zanen aiki, da yadda kike tsayawa can nesa da ƙofa ki aiko a kira ni, ki ba ni ƙunshin kifi kin riga kin cire masa ƙaya. Ban wanke gyalen da na sa jiya ba. Yana cikin jakata.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya idanun nan da hayaƙi ya cinye saboda mu. Ya kai miki ladar kowace loma da aka ci ranar Asabar. Ya sa wa Ladidi albarka a sana'arta, Ya tsare masuntanki a kan ruwa, Ya ƙara wa Gwaggo lafiya da tsawon kwana.

Shi kuwa Kawu, na san kullum bayan sallar asuba kina ambatonsa kafin ki ambace mu. Ba zan yi masa baki ba, ba zan rushe abin da kika roƙa masa ba. Addu'arki tana nan, ya ci gaba da cin ta. Tawa dai ban sa shi a ciki ba.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Rakiya.