Jar Motar Mai Kemis

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa da na dame ka da wannan takarda. Na san idanunka ba sa son dogon karatu yanzu, na kuma san ka ce ka rufe zancen mota tun ranar da ka bar gareji. Da ina da wani wanda zan tambaya, da ban ɗaga maka hankali ba. Maganar kuma ba ta waya ba ce, don a gidan nan kunnen kowa a buɗe yake. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka san Mai Kemis, wanda ke neman Autarmu. Iyayensa sun aiko suna so a ba su lokaci su zo a yi maganar aure. Maigidan ya ce shi ya gamsu, sauran ya bar mini. Ni ma na kusa cewa to, sai wannan mota ta shigo tsakani.

Tsohuwar mota ce gare shi, ja, irin ta gudu, mai kujera biyu kacal. Gajeriya ce har sai mutum ya durƙusa kamar zai shiga ƙarƙashin gado. Ya ce zai sayar, wai mai shirin iyali ba ya yawo da kujera biyu. Kai ka san maigidan da irin motocin nan. Tun ina amarya hoton wata irinta ke manne a cikin ƙofar kabad ɗinsa. Yanzu ga ritaya, ga zaman banza, ga mota a hannun wanda ke kiransa Baba. Maigidan ya ce shi zai saya.

Na bi shi mun je kallonta fiye da sau ɗaya, a gidan mahaifiyar yaron take ajiye. Zuwan farko na dafa bonet don in gyara takalmina, na ji shi da ɗumi. Ban kawo komai ba. Da muka koma na sake dafawa, da gangan wannan karon, ɗumin yana nan, alhali yaron ya ce bai fita da ita ba. Kuma kullum sai mu tarar an wanke ta, ƙasan wurin jiƙe sharkaf, ba yadda za a yi ka gane ko wani abu na ɗiga. Cikinta kuwa turare ne kamar an fasa kwalba, amma hancina ya jiyo wani wari a ƙarƙashinsa, irin na tabarmar da ruwa ya kwana a kanta.

Yaya, tun muna makarantar allo aka tsoratar da mu a kan zato, kuma ina jin tsoron in ɗauki alhakin ɗan mutane. Na yi ta istigfari. Auta ta ce, Mama ke komai sai kin shinshina, ko sabon burodi aka kawo. Wataƙila gaskiyarta. Amma ba motar ce damuwata ba. Idan yaron nan zai iya ɓoye wa wanda zai zama surukinsa ciwon mota, yana murmushi yana gaishe shi, me zai ɓoye wa 'yata bayan an rufe ƙofa? Ba zan ce iyayensa su zo ba sai na san wannan.

Don Allah ka rubuto mini abin da ake dubawa a irin wannan tsohuwar mota, da bayanin da mace irina za ta gane. Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ina fata gwiwar ta lafa, kuma uwargida ta warke daga murar. Na yi dariya inda ka ce da ka san haka nake, da tuni ka ɗauke ni aiki a gareji ka sallami rabin yaranka.

Na yi yadda ka ce. Na ciro maganaɗisun nan da ke manne a ƙofar firij, mai siffar lemo, na naɗe shi a hankici don kada in karce fentin mutane. Muna isa na ce zan zagaya in ga kyanta. A ƙofar hagu ya kama ƙam, a bonet ya kama, amma ina zuwa bayan tayar dama sai ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Ka ce inda bai kama ba, ba ƙarfe ne zalla a wurin ba, an cike lotsa ne aka bi da fenti. Da na karkata kai rana ta haska wurin, sai na ga janta ma ba ɗaya ba ne, na wurin ya fi duhu kaɗan.

Na roƙa a buɗe mini murfin da ake zuba baƙin mai. Ban ga farin kumfar da ka ce in nema ba, alhamdu lillahi, sai dai man sabo ne fil, garai-garai kamar yau aka zuba. Ka ce sabon mai a tsohuwar motar sayarwa ba laifi ba ne, amma ba shaida ba ce. Robar birki da ta kuloci, inda ake takawa da ƙafa, sun cinye har ƙarfe na leƙowa, shi kuwa agogon da ke ƙirga tafiya cewa yake yi motar ba ta yi nisa a duniya ba. Tayoyin gaba sun fi cinyewa ta ciki. Lambar jikin mota dai ta yi daidai da ta takardu, na duba harafi bayan harafi, kada in rage masa abin da yake da gaskiya a kai.

Da na sunkuya zan ɗaga kafet ɗin ƙasa, maigidan ya kama mayafina, wai Hajiya rana ta yi, kin mai da mu 'yan kwastan a gidan mutane. Mai Kemis kuwa yana tsaye can gefe yana juya makulli a hannu. Yaron da kullum yake duban mutum ya gaishe shi da fara'a, ranar ƙasa yake kallo har muka fita. Wannan ya fi maganaɗisun tayar mini da hankali.

Babban abin da ka ja layi a ƙarƙashinsa, wato a tayar da ita da sassafe injin na da sanyi, shi ne ya gagara. Na faɗa wa maigidan, ya ce shi ba zai je ya buga wa yaro ƙofa da safe kamar mai bin bashi ba, ya ji kunya. Kuma duk lokacin da za mu je sai ya fita waje ya buga masa waya ya ce ga mu nan tafe, wai haka mutunci yake. Na ce masa mutunci yana ɗumama inji ne? Ya ce in bar shi ya ji da hawan jininsa.

Auta ta daina zama da ni a falo. Jiya na same ta a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke, idanunta jawur. Na tambaye ta, ta ce albasa ce, alhali babu albasar da aka yanka. Abin ya taɓa ni ƙwarai, Yaya. Ba na so in zama uwar da ta kashe wa 'yarta aure saboda hanci. Ba na kuma so in miƙa ta da idona a rufe.

Mahaifiyar yaron ba ta jin daɗin ƙafarta kwanan nan, dubiya kuwa haƙƙi ce a kaina. Na yi niyyar zuwa da safe ba tare da na sanar da kowa ba. Na binciki zuciyata, niyyar dubiyar tana nan da gaske, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Ka taya ni da addu'a.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kai da iyali, ga abin da ya faru. Ka zauna kafin ka karanta.

Na je. Na tarar da motar a ƙarƙashin rumfa, ƙasan wurin a bushe, ga baƙin tabon mai kamar faɗin faranti daidai inda injin yake. Na dafa bonet, sanyi ƙalau. Na shiga na gaida mahaifiyar Mai Kemis, na yi mata sannu yadda ya kamata, ban gaggauta ba. Ina fitowa na same shi tsaye da makulli, ya sa rigar aiki zai tafi shago. Shi ya fara magana. Ya rusuna ya ce, Mama, na san abin da kika zo ji, ki ɗan matsa baya kada hayaƙi ya ɓata miki kaya.

Ya murɗa makulli ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Da ta tashi, wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe rumfar daga salansa, injin yana ƙwas-ƙwas kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Sai da ya yi ɗumi ƙarar ta kwanta, hayaƙin ya ragu. Ya kashe, ya ɗaga kafet ɗin ɓangaren direba da hannunsa. Tsatsa ta ci wurin har ina hango ƙasa ta wani ɗan rami. Ya nuna mini inda aka taɓa buge ta a baya, daidai inda lemona ya faɗi. Ya ce agogon ma ya taɓa lalacewa aka sa wani, don haka kada in yarda da abin da yake nunawa.

Na tambaye shi, a hankali, to me ya sa yake ɓoyewa. Ya ce wallahi tun ranar farko ya zayyana wa Baba duk wannan, har ya ba shi shawarar kada ya saya. Wai Baba ne ya ce ya ji ya gani, yana so a haka, amma kada Hajiya ta sani, don in ta ga hayaƙin nan an gama. Baban ne kuma ya ce a riƙa tayar da ita a wanke ta kafin mu iso, wayar da yake bugawa ke nan. Yaron ya ce ya rasa yadda zai yi wa Baba musu yana neman 'yarsa, ya kuma rasa yadda zai kalle ni. Shi ya sa yake ta jan ƙafa, har yau ya ƙi miƙa takardu.

Ka san ni, ban karɓa nan take ba. Wanda aka kama zai iya jingina laifinsa da kowa. Na yi masa godiya na tafi gida. Na tarar da maigidan yana shan shayi yana fama da rediyonsa. Ban ce masa daga ina nake ba, ban kuma yi masa ƙarya ba. Na zauna na ce, Malam, wai tsatsar nan wane ɓangare ta fi ci? Bai ko ɗago kai ba ya ce, ɓangaren direba ne, amma ai abin walda ne kawai. Sai ya ɗago ya dube ni. Ya ajiye kofin a hankali. Mutumin da ya kama mayafina don kada in ɗaga kafet!

Ban ɗaga murya ba, ka san ba halina ba ne. Shi ne ya yi ta bayani ba a tambaye shi ba, wai duk rayuwarsa motar ɗaukar yara da kayan cefane ya tuƙa, sau ɗaya dai yana so ya tuƙa abin da ransa ke so kafin a karɓe masa lasisi. Na ji tausayinsa, amma na ce masa ya kusa jawo wa 'yarsa asarar miji saboda kujera biyu. Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba, na ga haka a fuskarsa.

Saura Auta. Na kira ta ɗaki na tambaye ta abin da ta sani. Ta fashe da kuka ta ce tun ranar da babanta ya roƙi yaron, a ranar Mai Kemis ya faɗa mata komai, ya ce ba zai fara zama da ita da rufa-rufa ba. Ita kuma ta rasa wanda za ta tona, ubanta ko shi. Ashe a gidan nan kowa ya san ciwon motar, ni kaɗai ake wanke wa ita.

Na aika wa mahaifiyar yaron cewa su zo, muna maraba. Shi kuma na kira shi na nemi ya yafe mini zaton da na yi masa, na kuma gaya masa daga yau ko Baba ne ya ce a ɓoye mini abu, ya ce masa Mama ta hana. Ya ce ya ɗauka.

Motar tana nan ba a saya ba, ba a kuma fasa ba. Maigidan yana zaune a falo kamar wanda aka yi wa rasuwa, ko rediyon ya daina kunnawa. Na ce masa ba zan ce e ko a'a ba sai na ji daga bakinka. Ka faɗa mini gaskiya, Yaya: injin da ke irin wannan hayaƙi da ƙara yana gyaruwa, kuma ƙasan da tsatsa ta huda zai ɗauki dattijo lafiya bayan walda? In ka ce tana gyaruwa, zan bar shi ya saya. Sai dai na lura tun jiya yake neman lambar wayarka a wurin Auta. In ya riga ni isa gare ka da wani roƙo, kada ka saurare shi.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kuma ni za ka rubuto wa, ba shi ba.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a kullum.