Ba Zan Aiko da Kwalbar Ba

Baba,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Mama. Yaya cikin? Yaya shago?

Mama ta rubuto mini cewa ka tura maganin gyambon cikin da likita ya ba ka ƙarƙashin keken ɗinki, wai jira kake in aiko maka da wanda muke haɗawa a ɗakin bincike. Har masu kawo ɗinki ka shaida wa 'yarka ta gano maganin olsa. Haba Baba! Na ji daɗi, amma raina ya ɓaci.

Abin da muke gwadawa 'yan guntattakin furotin ne, ana ce musu feftayid. Muna ganin alamar suna ƙara kaurin yauƙin da ke lulluɓe bangon ciki, yadda ruwan tsamin da ke narka abinci ba zai ci naman ba. Na yarda da aikin nan ƙwarai. Sai dai har yau ɓeraye kawai muke ba. Kuma kwalaben gwajin iri ɗaya ne sak, wasu ruwan gishiri ne zalla. Shugabarmu kaɗai ta san wacce ce wacce, don kada son zuciya ya ruɗe mu. Ba zan aiko ba, ko za ka yi fushi. Ka koma kan maganinka, ka daina haɗiyar ƙwayar ciwon baya ba ka ci komai ba.

Taka har kullum,
Auta

Baba,

Ina gaishe ka da jiki. Allah ya ƙara sauƙi.

Da Yaya ya kira ya ce ka yi aman jini a kan yadin mutane, nan take na nemi likitanka a waya. Ya tabbatar mini jinin ya tsaya, za ka warke sarai in ka sha magani. Amma an ce ko a gadon asibitin kawar da kai kake, kana cewa ba ka shan na kowa sai na Auta.

Makon nan za a buɗe sakamakon gwajinmu. Na bar wa abokiyar aikina ɓerayen, a buɗe sakamakon ba tare da ni ba. Na riga na ɗaure jaka. Maganin likitan nan dai shi za ka sha, ni zan ɓare shi in miƙa maka da ruwa, kuma ba zan tashi ba sai ka buɗe baki na ga ya wuce.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Auta