Layin Gaggawa Ya Yi Shiru

Litinin, 3 ga Maris
An kwantar da Umma, ciwon ƙoda. A asibitin da manhajarmu ke kai saƙonni daga ɗakin gwaji zuwa wayoyin likitoci. Da ban san cikin abin ba, da hankalina ya fi kwanciya.

Talata, 4 ga Maris
Layi ɗaya tal duk saƙonnin manhajar ke bi. Tunin ranar ganin likita, sanarwar canjin aiki, sakamakon jinin wanda ke bakin mutuwa, duk a jere, wanda ya riga zuwa shi ke wucewa. Da safe aka turo tuni rututu, layin ya cushe kamar bakin famfo. Ina ta kallon allo. Ko sakamakon Umma yana can baya?

Na ce wa Dogo, abokin aikina, a ware wa gaggawa layinta. Wai layi ɗaya ya fi sauƙin tsaro, in ya tsaya kowa zai yi ihu. Na ce ai ba uwarsa ce a kwance ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Oga ya yarda, na raba. Layin gaggawa fes, ko saƙo ɗaya ba ya jira. Yau na ci abinci.

Asabar, 8 ga Maris
Sai yanzu na samu na zauna.

Na je dubiya da rana, na tarar Umma na haki. Nas ta ce tun safe aka ɗebi jini. "Da akwai matsala, da wayar likita ta yi ƙara." Na buɗe kwamfuta a cinyata, layin fes. Ko saƙo ɗaya bai bi ta kansa ba yau. Ashe abin da ke zuba saƙo a sabon layin ya mutu tun jiya, ba wanda ya lura, don dama ba a saba ganin kowa a kansa ba. Da ƙafa na ruga ɗakin gwaji na karɓo sakamakon. Likita na gani ya sa aka tura gadonta da gudu.

Sauran marasa lafiyar fa? Tsoron tambaya nake.

Lahadi, 9 ga Maris
Umma na numfashi da kanta.

Laraba, 12 ga Maris
Dogo bai ce "ai na faɗa miki" ba. Ya haɗa wani ɗan saƙon banza da ke bin layin gaggawa a kai a kai, in bai iso ba wayoyinmu su yi kuka. Layi biyun suna nan. Ni dai har gobe ina ganin rabawar daidai ce.

Ɗazu Umma ta yi barci, shiru, lafiya lau in ji nas. Na yi ta taɓa ƙafarta sai da ta motsa.